Tsohuwar manhajar FoxPro a kantin magani: a gyara ko a sauya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da magani a sari a Kano. Tun 2006 wani yaro ya rubuta mana manhaja da Visual FoxPro, da ita muke shigar da kaya, mu rubuta bashi, mu fitar da rasit. Yaron ya bar gari, lambarsa ma ba ta shiga. Kwanan nan wasu samari suka ce tsohon yayi ce, za su yi mana sabuwa ta intanet mu riƙa biya duk wata. Tana aiki dai, amma in aka ɗauke wuta wani lokaci lissafi kan rikice. In sauya ko in bari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga sauyawa, yau ɗin nan a samo filas guda biyu a kwafe duk fayilolin manhajar, ɗaya ya kwana a gida. Dukiyarka tana cikin fayilolin da sunansu ya ƙare da DBF, nan sunayen masu bashi da tarihin cinikinka suke. Galibi LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe su kamar takardar Excel. Ka sa a buɗe kwafin a gabanka, ka ga sunayen kwastomominka da idonka. In sun fito, hankalinka ya kwanta, ba wanda zai yi maka barazana da cewa komai zai ɓace.

Samarin nan ba ƙarya suka yi ba. FoxPro dangin dBASE ce da Clipper, manhajojin ajiyar bayanai da suka yi tashe a shekarun 1980. Microsoft ya saye ta a 1992, ya tsaya a fitowa ta 9, a 2007 ya sanar ba za a yi ta 10 ba, sannan a Janairun 2015 ya janye tallafi gaba ɗaya. Amma tsufa kaɗai ba laifi ba ne. FoxPro na da sauri ƙwarai wajen laluben bayanai, kuma iyakarta ta gigabait 2 ga kowane tebur, wato jadawalin bayanai, ba abin da kanti irin naka zai cika da wuri ba ne.

Rikicewar nan kuwa ga dalilinta. Bayanan suna cikin DBF, jerin da ake bi a nemo su yana cikin wani fayil daban, CDX. In wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu, sai ɗaya ya samu, ɗaya bai samu ba. Shi ya sa yaron kanti zai nemi maganin da ke kan kanta a gabansa, kwamfuta ta ce babu. Umarnin REINDEX kan daidaita wannan, ƙaramar UPS ko inbata kuma ta hana aukuwarsa tun farko. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin sabuwar manhaja ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tafiyar yaron da ya rubuta manhajar. Ya bar muku asalin rubutun manhajar, wato fayilolin PRG da SCX, ko EXE, wato kammalalliyar manhajar da ake kunnawa, kawai ya miƙa? In EXE ne kaɗai, ranar da ka so ƙara reshe ko sauya tsarin rasit ba mai taɓa maka ita cikin sauƙi, ga shi masu sanin FoxPro sai raguwa suke. Don haka shawarata a sauya, amma a tsanake.

Nemi wanda zai gina maka a kan rumbun bayanai na PostgreSQL ko MySQL. Duka kyauta ne, kuma an gina su yadda cinikin da bai kammala shiga ba zai koma kamar ba a fara shi ba, ko da wuta ta yanke. A ɗora rumbun a kwamfuta ɗaya cikin kantin, sauran su haɗu da ita ta waya ko Wi-Fi. Ta intanet zalla tana da daɗi in kana son duba ciniki daga gida, sai dai ranar da sabis ya ɗauke, layin kwastoma zai kai bakin titi. Ka tambaye su: in babu sabis za mu iya sayarwa? In na daina biya, wa ke riƙe da bayanaina, kuma a wane irin fayil za a ba ni? Duk wanda ya hau kame-kame a nan, a rabu lafiya.

A rubuta a yarjejeniya cewa asalin rubutun naka ne, kada a maimaita ta 2006. Tsohuwar da sabuwar su yi wata guda suna aiki tare, kowace yamma a gwada jimillarsu. Wata riba ta gefe: sabbin suna karɓar ƙ, ɗ da ɓ yadda suke, alhali a FoxPro Ɗanladi yakan koma alamar tambaya da "anladi".

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a kwalejin fasaha. Visual Basic 6 da Access ake koya mana, abokaina na cewa ɓata lokaci ne. Me zan kama?

Amsa: Ƙanena, ka ci jarrabawarka tukuna. Visual Basic 6 (VB6) ta fito a 1998, Microsoft ya daina kula da kayan rubuta ta a 2008, don haka kada ka ɗora wa kwastoma sabon aiki a kanta. Access tana da ranarta a ƙaramin ofis mai mutum biyu ko uku, amma fayilinta ba ya wuce gigabait 2, kuma takan lalace in mutane da yawa suka yi mata rubdugu ta hanyar sadarwa mai tangarɗa.

Abin da za ka ƙwace daga ajin nan shi ne SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, da kuma tsara tebur: me ya sa sunan kwastoma zai zauna wuri ɗaya, ba a kowane layin rasit ba. Wannan ilimin yana bin ka ko'ina. A ɗaki ka sauke SQLite, ƙaramin rumbun bayanai irin wanda ke cikin kowace wayar Android, ka haɗa shi da yaren rubuta manhaja na Python ka gina littafin bashin mai shagon unguwarku. In hannunka ya faɗa, ka matsa zuwa kayan gina manhajar intanet kamar Django, ko PHP da Laravel. Karanta tsohon DBF ma ka koya, tunda ga Alhaji can sama yana neman mai kwashe masa bayanai.