Ga 'yar uwar da zafin mama ya ƙi barinta bayan gashin ciwon daji

Assalamu alaikum 'yar uwa, sannu da jiki. Na karanta tambayarki: wata huɗu da gama gashi, wato haska maman da inji a asibiti (radiotherapy) saboda ciwon daji, fatar ta warke, amma maman yana nan da zafi, ko riga ta goge shi sai kin ji, wani lokaci kuma ya soke ki har cikin hammata, kina tsoron ko ciwon ne ya dawo. Ni ma nan Katsina nake, an yi min aiki an cire ƙullutun, aka yi kimo (maganin ciwon daji da ake sa wa a jini), sannan gashi a Zariya, shekaru ke nan. Ni ba likita ba ce, abin da na gani a jikina da abin da likitoci suka fahimtar da ni zan gaya miki.

Zafin nan gaskiya ne, ba raki ba ne, kuma yawancinsa ba dawowar ciwo ba ne. Ranar da aka gama gashi, injin ne ya gama aikinsa, jiki bai gama nasa ba. Ƙunar fata ma sai bayan mako ɗaya ko biyu da gamawa take kai maƙura, sannan ta fara lafawa. To wannan ta waje ce. Naman ciki yana daɗewa a kumbure, shi ya sa maman yake nauyi, yake tsami, har watanni. Daga baya kuma wurin da hasken ya ratsa yakan yi tauri ya tsuke, kamar fatar layya da aka shanya a rana. Wannan taurin yana iya fitowa bayan wata shida, ko shekara, ko fiye. Shi ne yake sa ki ji ana jan ki daga ƙirji zuwa kafaɗa idan kin ɗaga hannu za ki yi kabbara.

Sukar da kike ji har hammata kuwa, galibi ta jijiya ce, kuma sau da yawa aikin tiyata ne asalinta, gashi ya zo ya ƙara. Akwai jijiyar da ta bi ta hammata ta sauka cikin damtse, idan aka ciro ƙwayoyin hammata, wato kaluluwa, ana yawan taɓa ta. Abin mamakinta shi ne wurin ya mutu, ki tsunkule ba ki ji ba, amma kuma yana raɗaɗi. Ni nawa da magariba yake tashi, in na gama hidimar gida. Sai kuma zafin haƙarƙari, wanda za ki iya sa yatsa ɗaya ki nuna wurin, kina danna wa kina ji.

Na tsaya rarrabe miki su ne saboda maganinsu ba ɗaya ba ne. Mu mata mun saba, likita ya ce yaya jiki, mu ce da sauƙi, alhamdu lillahi, mu dawo gida mu kwana muna juyi. Godiyar Allah dabam, bayanin ciwo dabam. Idan kika ce "yana min ciwo" kawai, farasitamol za a rubuta miki, shi kuma ba ya yi wa zafin jijiya wani abin kirki. Ki ce suka ce, ko raɗaɗi, ko nauyi, ko ja. Ki nuna wurin da hannunki. Ki faɗi lokacin da yake tashi da abin da yake hana ki yi. Sai da na yi haka aka ba ni amitriptyline kaɗan da dare, barcina ya dawo. Wasu gabapentin ake ba su. Amma don Allah kar ki je kemis ki ce a ba ki, likitanki ne ya san sauran magungunan da kike sha. Haka ibuprofen da diclofenac, masu gyambon ciki ko matsalar ƙoda su yi hattara. In kuma an ɗora ki a kan letrozole ko anastrozole, magungunan hana ciwon dajin dawowa, su ma suna kawo ciwon gaɓoɓi, ki faɗa, kar ki daina sha da kanki.

Yanzu abin da ya fi damuna, wato taimakon 'yan uwa. Za a zo dubiya da kyakkyawar niyya, wannan ta ce a gasa da ruwan zafi da tsumma, waccan ta kawo man zafi, wata ta ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho. Kar ki yarda da ko ɗaya a wannan ɓangaren. Fatar da aka yi wa gashi ba ta da ƙwarin da, ba ta warkewa da wuri, kuma inda ya mutu za ki ƙone ba ki sani ba. Tsaga ko ƙaho a gefen da aka cire ƙwayoyin hammata ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma yana iya tayar da kumburin hannu wanda in ya zauna sai dai lallaɓawa. Na ga wadda aka yi wa, har yau hannun rigarta na dama sai tela ya ƙara masa faɗi.

Abin da ya yi min amfani ba mai tsada ba ne. Motsa hannu kullum, ko ranar da ba na so. Ina tsayawa gaban bango, in sa yatsu su riƙa hawa a hankali har inda na ji ja, ban kai ga zafi ba, in tsaya in yi numfashi, in sa alama da gawayi. Layukan nan suna ta hawa bangon ɗakina, kuma da na yi sakaci na ɗan lokaci sai in ga na kasa kai na jiya. Ki nemi a tura ki wajen masu fisiyo, wato ƙwararrun motsa jiki na asibiti, su koya miki daidai da irin aikin da aka yi miki. Daka da jan guga kuwa ki bar wa yara tukuna, ki koma musu kaɗan-kaɗan.

Da hunturu, man kaɗanya marar turare safe da dare, tunda fatarki ta rufe. Da bazara kuma zufar ƙarƙashin mama ce matsala: bireziya ta auduga marar ƙarfe, mai riƙewa sosai, da ƙyalle mai laushi a ninke a ƙasan. In za ki shiga Napep ko motar Daura, ki rungume ɗan filo a gefen, ramukan hanya ba sa tausayi. Ranar da sujada ta gagara, ki yi sallarki a zaune, addini ya ba ki wannan sauƙin.

Akwai wanda ba a jira ranar asibiti da shi. Maman ya yi ja, ya yi ɗumi, ga zazzaɓi. Sabon ƙullutu a maman, ko hammata, ko saman ƙashin wuya. Hannu ya fara kumbura, zobe ko awarwaro ya matse. Busasshen tari da haki, domin gashi yakan taɓa huhu a watannin farko. Ko ciwon baya ko ƙugu da ba ya lafawa, yana tashin ki cikin dare. Ko ɗaya kika gani, ki tafi a ranar. A da sai mun kama hanyar Zariya ko Sakkwato ko Abuja, amma a 2025 an buɗe cibiyar kula da ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, kina iya farawa daga can. Ki riƙe takardar da aka ba ki bayan gashi, wadda ta nuna yawan zaman da kika yi da wurin da aka haska.

Nawa bai tafi gaba ɗaya ba, gaskiya, in sanyi ya sauko yakan tuna min. Amma sukar ta ragu sosai cikin shekarar farko, kuma yanzu ina tuƙa tuwona da hannun. Ko da kin ga naki ya yi kama da duk abin da na faɗa, ki bari likita ya taɓa wurin da hannunsa kafin ki kwantar da hankali. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sa kaffara ne.