Takarda ɗaya ba ta isar masu karatu uku

Tambaya: Malam, ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu a Tudun Wada, Kaduna. Na rubuta takarda kan kwalbatin da ya toshe mana, na kai wa mai unguwa, na aika ƙaramar hukuma, na kuma sa ta a Facebook. Har yau shiru kake ji. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, takarda ɗaya ka ba mutane iri uku. Malaman balaga, wato ilimin iya magana, sun ce magana mai kyau ita ce wadda ta dace da halin da ake ciki. Aristotal na Girka ma abu uku ya lissafa da ke sa a yarda da zance: mutuncin mai magana, hujjarsa, da yadda ya taɓa zuciyar mai sauraro. Ka duba wanne ya fi tasiri a kan wanda za ka rubuta wa.

Ofis hujja yake so. Kada takardar ta wuce shafi ɗaya. Bayan adireshi da kwanan wata, ka faɗi buƙatarku tun a sakin layi na farko, sannan sunan layin, gidaje nawa ruwa ke shiga, tun wane wata, da hotuna biyu. Ma'aikacin da zai karanta ta, abin da zai rubuta a gefe ya tura gaba yake nema. In sai ya kai ƙarshe zai gane buƙatarku, fayil za ta kwana. Karin magana da kirari ka ajiye su. Shugabanku ya sa hannu tare da kai, a buga hatimin ƙungiya, ka je da kwafi biyu a buga maka tambarin karɓa a ɗaya.

Shi kuwa mai unguwa, a gabansa kai ɗa ne kafin ka zama sakatare. Ka fara da gaisuwa da "Ranka ya daɗe", ka ce "muna roƙon a sa mana baki". Da zarar ka rubuta "ya kamata ka", ka rufe ƙofa da hannunka. Ka kai ta da kanka, da rakiyar wani dattijo.

A Facebook layi biyun farko ne kasuwarka. Hoto ɗaya, buƙata ɗaya: aikin gayya ranar Asabar ƙarfe 7 na safe, a zo da shebur da baro. Ban da zagi, domin waɗanda ka kai wa takarda su ma suna karantawa.

Tambaya: Malam, "ni" zan riƙa rubutawa ko "mu"? Daga wata ɗaliba a Kawo.

Amsa: Malama, "mu" sai in an zauna an wakilta ki. Abin da kika gani da idonki kuwa ki ce "na gani", ya fi ƙarfi, kuma ko an ƙaryata kina da amsa.