Me ya sa katin girafiks ya fi furosesa tsada?

Tambaya: Malam, ina son haɗa kwamfutar aikin bidiyo. Furosesa mai ƙarfi kuɗinta da dama-dama, amma katin girafiks ya ninka ta. Haɗin baki kamfanonin suka yi?

Amsa: Ba sai sun haɗa baki ba, ɗan'uwa. Wanda ba shi da abokin karawa shi ke yanka farashi.

Shekara da shekaru Intel na sayar da furosesarta i7 ta gama-gari mai ƙwayoyin aiki (wato sassan da ke yin lissafi a cikinta) huɗu, ba ta ƙara ko ɗaya. Mai son takwas kuwa, wato i7-6900K, sai ya ajiye sama da dala 1,000. A watan Maris na 2017 abokiyar karawarta AMD ta fito da Ryzen 7 1800X, ita ma takwas, a kan dala 499. Shekarar ba ta ƙare ba Intel ta mai da i7 mai shida, kuɗin kuma kusan yadda yake. Kada dai ka ɗauka tausayinmu AMD take ji. Da ta ga ta shiga gaba a 2020, Ryzen 5 5600X dala 299 ta sa mata, alhali wadda ta gada 249 ce.

A ɓangaren girafiks, saman kasuwa na Nvidia ne ita kaɗai. GTX 1080 Ti dala 699 ne a 2017, RTX 4090 ya zo a 1,599 a 2022, RTX 5090 kuma 1,999 a 2025. Ga wani dalili da ya fi wannan nauyi: masana'antar TSMC ta Taiwan ce ke ƙera mata guntayen lantarkin da ke cikin katunan, gurbin ƙira kuma ƙayyadadde ne. Guntun da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke saye da dubban daloli, ina dalilin da Nvidia za ta bar shi ta yi wa mai wasan gem rahusa?

A tsakiyar kasuwa ake gumurzun. A Yulin 2019 Nvidia ta sanar da katunan Super, AMD ta zabge RX 5700 XT daga dala 449 zuwa 399 tun kafin ya shiga shago. Can za ka nemi naka. Sai dai ka fara duba manhajarka, domin wasu sun fi tafiya da fasahar CUDA, wadda katin Nvidia kaɗai ke da ita.