Amsa ga yarona kan akwatin Alhaji mai jiki

Toh kai yaro, na ga saƙonka tun jiya da daddare, wai wani Alhaji dogo mai jiki ya kawo maka ɗinki, zai tafi Umara daga can ya wuce Dubai, kuma yace kai zaka shirya masa akwatin, kana tambaya kala nawa ya kamata ya ɗauka kuma yaya ake jera su. Da niyyata in share ka, don shekara huɗu ka yi a gabana kana ganin yadda nake yi, amma ku yaran yanzu ƙafa na kan keke ido na kan waya, shi yasa komai sai an maimaita muku. Sai da na kwanta maganar ta hana ni barci, saboda ta tono min wani abu da har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Azumin 2016 ne, wanda ya faɗo a watan Yuni, shekarar da dala ta tashi kaya suka yi wuta a Kwari. Wani mutumi da na shekara shida ina masa ɗinki, ba zan kama suna ba, shi ya san kansa, ya zo shago saura kwana goma sha biyu ya tashi. Mutum ne wanda in zai shigo sai ya sunkuya a ƙofa, kafaɗarsa inci 22, cikinsa 56, tsayin rigarsa 50, takalminsa lamba 47. Yace yana son kaftani kala bakwai da babbar riga biyu, duk shadda Getzner, in je in ɗauko da kaina don ya yarda da idona. Nace Alhaji wannan kaya sun yi yawa a tafiyar sati biyu, kuma Makka a wannan lokaci wuta ce, shadda mai sitati ba zata bar ka ka sha iska ba. Yace shi ba ya maimaita kaya a gaban mutane. Ya ajiye min dubu 100 kafin alƙalami yace sauran in ya dawo, ni kuma saboda sabo da kunya na je wajen mai kayana a Kwari na ɗauko bashi da sunana. Kai ka san abinda mutum irin wannan yake ci, inda wani yadi biyar ya ishe shi riga da wando shi sai shida da rabi, babbar riga kuwa kar ma a yi magana. Muka kwana muna ɗinki da azumi a baki, masu aiki suka yi nasu, na kai wa masu bugu, ranar da aka dawo da su wallahi kamar madubi, farar babbar rigar nan in ka ɗaga ta sai ka ga fitilar shago a jikinta.

Ni na jera akwatin da hannuna, na ɗora a sikeli ya ba ni kilo 31, alhali tikitinsa 23 aka rubuta. Na faɗa masa, yace kar in damu yana da mutane a filin jirgi. Ashe da suka je filin jirgin Malam Aminu Kano aka ce sai an rage, shi kuma mai kuɗin nan bai yarda ya biya kuɗin nauyi ba, yaransa suka buɗe akwatin a ƙasa suka yi ta cusa kayan a jakar bakko, suka haɗa farar babbar rigar da kwalbar turaren mai da ƙullin yaji. Kwalba ta fashe a hanya. Babban akwatin kuma bai biyo jirginsu ba sai bayan kwana uku. Shi kuma da harami ya sauka Jidda, ya yi ɗawafi ya yi sa'ayi ya yi aski, ya dawo otal babu abinda zai sa, don bakkon babu wando ko ɗaya a ciki. Ya aika a sayo masa jallabiya, kuma jallabiyar can da lambar tsayi ake sayar da ita, 56, 58, 60, a ƙarshe 62, wadda ta kai masa tsayi ba ta shiga cikinsa ba, wadda ta shiga cikinsa ta tsaya masa a ƙwauri. Kwana uku yana zuwa Harami da tawul.

Da ya dawo nace bari in bari Sallah ta wuce. Na je gidansa da takardar lissafi, ciko dubu 410, mutumin nan ya bar ni a tsaye a ƙofar gida kusan awa ɗaya sannan ya fito yace ni na jawo masa wulaƙanci a ƙasar mutane, ni na cika akwati, ni na lalata masa riga, kuma wai wando ɗaya ya tsage masa a hantsa da ya zauna tahiya, saboda haka sisi ba zai ƙara ba. Na je da dattawa biyu, ya ce zai duba, har yau yana dubawa. Abinda ya fi ƙona min rai, bayan wata ɗaya na gan shi a wajen ɗaurin aure sanye da ruwan tokar da na ɗinka, ana ta yaba aikin wuyan, ya kalle ni ya kau da kai kamar bai taɓa ganina ba. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Wata bakwai na yi ina biyan mai kaya, sai da na sayar da keken aikina guda ɗaya, wanda na saya da kuɗin adashen shekara biyu, kafin na wanke sunana a Kwari.

Wandon nan kam ya tsage, wannan ban musa ba, kuma daga ranar ban sake auna mai jiki a tsaye kawai ba. Ka sa Alhajinka ya zauna a kujera ka auna cinya da ƙugu da zurfin hantsa yana zaune, don mai tumbi in ya zauna jikin bajewa yake, kuma zai yi awa huɗu zuwa biyar a matse a kujerar jirgi, ga zaman sallah ga hawa mota. Ka ninka ɗinkin hantsa da hammata sau biyu. Wandon tafiya mazagi ake sa masa, ka bar wannan zif da ƙugiya da kuke yayi, ciki yana hawa yana sauka a tafiya. Ka bar kalmasa mai kauri a ƙasan riga da ƙafar wando, saboda yadin auduga in ya ga ruwan farko sai ya ja, gajeren mutum ba zai lura ba amma dogo inci ɗaya ya tafi rigar ta zama ta ƙaninsa. Yadin da ba shadda ba ka jiƙa shi ya bushe kafin ka sa alli.

Maganar kala nawa, sati biyu kala huɗu sun ishe shi, uku yadi mara nauyi mai shan iska wanda in an wanke da daddare ya bushe kafin asuba, shadda ɗaya don fita wajen mutane a Dubai. Jallabiya biyu kai ka ɗinka masa a nan da awonsa, kar ya dogara da ta kasuwar can. Babbar riga in ba wani taro zai je ba ya bar ta a gida, ita kaɗai da 'yar ciki da wandonta zata cinye masa wajen kaya biyu. Zai ce maka sun yi kaɗan, ka ce masa akwai masu wanki da guga a can, kuma kayan mai jiki nauyinsu kusan biyun na wani ne amma kilon da jirgi ya ba shi ɗaya ne da na kowa. Abinda ba zai samu a hanya ba shi ake fara sawa, singileti da gajeren wando daidai shi, takalmi lambarsa, harami babba mai faɗi da bel ɗin da zai zagaye cikinsa. Ka sa ya ɗaura haramin a gabanka ya ɗan taka, ka gani ko yana rufe shi. Kuma ka raɗa masa ya tafi da man shafawa mara ƙamshi, don cikin harami babu wando, cinya na gugar cinya tun daga ɗawafi har Safa da Marwa, manya da yawa a nan suke saɓulewa suna jin kunyar faɗa.

Ninki ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai iya ninke riga ba me ya kawo shi shagon tela. Kawai ka bi layin bugu, aikin wuya ya kalli ciki, kowace kala riga da wandonta a leda ɗaya, takalmi a ƙasa ta wajen taya, hula a cusa mata safa kar ta lotse. Turare ko yaji ko wani abu mai ruwa kar ya kwana ɗaki ɗaya da shadda. Kala ɗaya cikakkiya da jallabiya ɗaya su shiga jakar hannu, wannan ko zai yi fushi ka tsaya a kai, da na yi haka a 2016 da mutumin nan bai samu bakin magana ba. Ka auna akwatin ka tsaya a kilo 21 ko 22, don sikelin shago da na filin jirgi ba sa jituwa.

Sannan kuɗi. Kar ka ɗauko yadi da sunanka, ya saya da kansa ko ya ba ka kuɗin a hannu, kuma akwati ba ya fita daga shago sai ciko ya shigo. Ka ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya a gabansa da gaban direbansa, tunda wayar nan ba ta barin hannunka toh ka yi amfani da ita ka ɗauki hoton kayan da hoton sikeli ka tura masa a WhatsApp. Na san ka, in babban mutum ya kira ka ɗana sai jikinka ya yi sanyi ka kasa tambayar haƙƙinka, ni ma haka ya dinga kirana shekara shida.

Gobe ka kawo min awon nasa in gani kafin ka sa almakashi, ka taho da ƙyallen yadin ma in taɓa. Ka zo da wuri don ƙarfe goma zan shiga Kwari.