Hukuncin sakin zomaye a tsakar gida da kashe abin da ke cin su

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Rikkos, cikin Jos. Yarana suna kiwon zomaye don sha'awa, muna sakin su suna yawo a tsakar gida saboda tausayin kulle su nake ji. Kwanan baya shirwa ta sure ɗan ƙarami ɗaya a gaban idon yara, sannan muzurun maƙwabta ya tsallako da dare ya kashe biyu. Maigida ya ce zai barbaɗa shinkafar ɓera a nama ya ajiye a kan katanga, ya kuma sa yara su kakkaɓo sheƙar da ke kan bishiyar turaren bayan gida. Shin ina da laifi a wurin Allah? Abin da maigida yake son yi ya halatta? Kuma maƙwabcin zai biya mu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki tsoronsa, ya raya yaran.

Kiwon zomo halal ne, ko don nama ko don sha'awar yara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa sun kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka, ya aika wa Manzon Allah (SAW) da cinyoyinsa, ya karɓa. Ƙanin Anas ɗin kuma, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) yana zuwa gidan bai hana ba, har yakan tsokane shi da tambayar labarin tsuntsun. Nan babu wata matsala.

Matsalar tana wurin haƙƙin da ya hau kanku ranar da zomon ya shigo gidanku. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar, laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Wasu sukan ɗauka cewa hadisin yana hana sa dabba a keji. Ba haka ba ne: abin da aka zarga shi ne tozartawa, tsarewar kanta ba laifi ba ce. Tozartawa kuwa takan zo ta hanyar saki kamar yadda take zuwa ta hanyar kulle. Zomon gida ba zomon daji ba ne. Na daji yana da fili da ramuka da ciyawar da zai ɓuya. Na gida kun kewaye shi da katanga ta siminti, babu inda zai tsere, sama kuma a buɗe. Mai farauta yana iya shigowa, shi ba ya iya fita. Saboda haka tsaronsa ya zama wajibi a kanku, daidai da ci da shansa. Wanda ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Abin da ya wuce ba ki da zunubi a kansa, tunda tausayi ne ya sa kika sake su kuma ba ki san haka za ta faru ba. Amma yanzu kin sani. In kuka ci gaba da barin su a fili dare da rana bayan wannan, to sakaci ne, kuma akwai tambaya a kansa.

Yadda za a haɗa sakin da tsaron ba shi da wuya. Manyan zomaye, masu kilo 2 zuwa sama, sun fi ƙarfin shirwa. 'Ya'yan take nema. Ana haihuwarsu bayan ciki na kwana 31 ko kusa da haka, tsirara, ido a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗe shi, kuma makonnin farko da suka fara fitowa su ne lokacin haɗari. Kada a sake su a wannan lokacin sai a wurin da aka rufe samansa da waya ko raga. Manyan a sake su da sassafe da kuma bayan La'asar, lokacin da zomo dama yake son kiwo, da babban mutum a tsakar gida. A jefa musu tsohon bututu mai faɗi ko akwatin katako mai ƙofa biyu a kusurwoyi, don da zarar inuwa ta gifta a sama su samu wurin shiga. Kafin Magariba kowa ya koma keji, a sa sakata. Kejin ya zama a ɗage daga ƙasa, wayarsa mai kauri ce mai ƙananan idanu, domin siririyar wayar kaji kare yana yaga ta, ɓera da maciji kuma suna ratsa ta. Masu kiwo sukan tsoma ƙafafun keji cikin gwangwanaye da ɗan baƙin mai a ciki saboda kwarkwasa, wadda kan cinye jarirai cikin dare ɗaya. A kuma kwashe ragowar dusa da ganyen kabeji da karas ɗin da kuke samowa daga Farin Gada, domin su ke kiran ɓera da hankaka. Abu ɗaya da mutane ba sa lura da shi: zomo yakan mutu don firgita kawai, ko ya karya bayansa wajen fizga, ko da muzurun bai taɓa shi ba. Don haka a yi wa kejin wani ɓangare mai duhu da aka rufe da katako, wanda zai tare masa iskar hunturun Jos kuma.

Sai maganar maigida. Wataƙila zai ce ai shirwa tana cikin abubuwan da aka yarda a kashe, kuma gaskiyarsa. Hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim ya ambaci fasiƙai biyar da ake kashewa ko a cikin harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. A wata ruwaya ta Muslim an ambaci maciji, an kuma siffanta hankakan da mai rodin fari, irin wanda muke gani nan da farin ƙirji. Malamai sun ce dalilin shi ne cutarwa. Don haka in wata shirwa ta saba da gidan, an yi rufi an yi kora ba ta daina ba, kashe ta ba zunubi ba ne, da sharaɗin a yi shi nan take ba tare da azabtarwa ba, saboda hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Muslim, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a kisa. Sai dai ni ban ga amfaninsa ba. Shirwa a Jos ba ɗaya ba ce. Ku kashe wannan, gobe wata ta zo, muddin 'ya'yan zomo suna fili.

Gubar kuwa ba ta halatta ba, kuma a nan ba na sassautawa. Naman da aka ajiye a kan katanga ba ya zaɓar wanda zai ci shi. Kajin maƙwabta za su ci, kyanwar da ba ta yi laifin komai ba za ta ci, hankaka zai ɗauka ya yar a wani gida inda yaro mai rarrafe yake. Abin da ya ci ya mutu, wani ya ci mushensa, shi ma ya bi. Ta wannan hanya ce, tare da masu farautarta don tsibbu, ungulu ta yi ƙaranci. Dattawa sun san yadda take cika mahauta a da, yau kuwa tun 2015 irin tamu ta gari tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Sannan mutuwar shinkafar ɓera mutuwa ce ta wahala. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma Imamu Malik ya kawo hadisin a Muwaɗɗa. Wanda ya ajiye guba inda dabbar wani za ta kai gare ta, ta ci ta mutu, shi zai biya. In ɓera ne ya dame ku, ga tarko nan.

Sheƙar ma a bar ta. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Kuma wa ya tabbatar sheƙar ta wannan shirwar ce? Bishiyar turare tsuntsaye da yawa ke sheƙa a kanta. Ban da haka, ba tarbiyya ba ce a koya wa yaro cewa duk abin da ya tashi sama abin harbi ne da danƙo. Mujiya ma da ake camfa ta ana jifa, ɓera take ci, ta rage muku abokin gaba; camfin da ake yi mata ba shi da asali a addini.

Batun biya: asali ɓarnar dabba ba a bin kowa bashinta, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira, sai in mai ita ya yi sakaci. Imamu Nawawi a Minhaj ya ce kyanwar da aka san ta da cin tsuntsaye ko abinci, mai ita zai biya, dare ne ko rana. In ba a san ta da haka ba, babu biya. Malamanmu na Malikiyya su ma, a dabba mai cutarwa, suna duba ko an riga an gargaɗi mai ita. Tunda wannan ne karo na farko, kuma zomayen a sake suka kwana, ban ga biya a kan maƙwabcinku ba. Maigida ya je ya same shi cikin mutunci, ya gaya masa abin da ya faru, ya roƙe shi ya riƙa tsare muzurun da dare. In ya maimaita bayan gargaɗi, alhali kun gyara kejinku, sai a yi maganar diyya a gaban mai unguwa ko limami. Ku tuna kuma hukuncin yana iya juyowa kanku: zomo gwanin haƙa ne, in ya ɓulle ta ƙarƙashin katanga da dare ya cinye wa wani shukar latas, ku za ku biya, bisa hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke a kan raƙumar Bara'u ɗan Azib, cewa masu dabbobi su ke tsare su da dare. Ku binne waya kamar ƙafa ɗaya a gindin wurin da suke wasa.

Wanda muzuru ya ji wa rauni kuma, kada a bar shi yana wahala, domin cizon kyanwa yakan ruɓe ko da ƙarami ne. A kai shi wurin likitan dabbobi da wuri. Ku mutanen Jos ma kun yi dace, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan Vom kusa da ku tun 1924. In an ga ba zai tashi ba, a yanka shi tun yana da sauran rai, namansa halal ne.

Wallahu a'alam.