Amsoshin tambayoyinku: kafin ka sayar da babur saboda kwana, duba hannunka

Wasiƙun da suka shigo a wannan karon kusan duk a kan shan kwana da babur suke. Wani na son rabuwa da babur ɗinsa, wani na son sayen na'ura ya ƙara masa, wata kuma babur na farko take nema. Na haɗa su wuri guda saboda tushensu ɗaya ne.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekara biyar na yi ina hawan ƙaramin babur mai cc 125, wata huɗu da suka wuce na sayi babba. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma da na shiga kwana da ɗan gudu sai ya ƙi ni. Ina kwantar da jikina iya ƙarfina, shi kuwa sai buɗewa yake yi. Sau biyu ina tsallaka layin masu tahowa. In sayar in koma ƙarami ne, ko akwai abin da zan saya in sa masa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara tsarewa. Kada ka sayar tukuna, kuma kada ka sayi komai. Abin da kake nema yana tafin hannunka, kuma ina da tabbacin shekara biyar ka yi kana aikata shi ba tare da ka sani ba.

Babur ba ya shan kwana sai ya karkata. To me ke karkatar da shi? Yawancin mahaya za su ce jiki ne. A gaskiya kan babur ne, kuma ta hanyar da hankali ba ya saurin yarda da ita: idan kana son zuwa dama, hannun dama za ka tura gaba, idan hagu kake so, ka tura hannun hagu gaba. Turawa na kiran wannan kawuntasitiyarin, ni kuwa turin baibai nake ce masa, domin na ɗan lokaci tayar gaba tana kallon inda ba can za ka ba.

Ka ɗauki doguwar sanda ka tsayar da ita a tafin hannunka. Idan kana son ta faɗi dama, me za ka yi? Tafinka za ka ja hagu, gindinta ya bar ƙarƙashinta, samanta ya rinjaya dama. Haka babur yake. Da ka tura hannun dama, tayar gaba za ta ɗan kauce hagu, tayoyi su fice daga ƙarƙashin nauyinku kai da babur, sai saman ya kwanto dama. Da ya kwanta, tayar gaba da kanta za ta dawo ta bi kwanar. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma motsin hannun kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ido ba ya kama shi. A tafiyar ƙafa-ƙafa, kamar lokacin da kake juyawa a tsukuku, murɗa kai kai tsaye shi ne ka fi ji. Amma da gudu ya kai wajen kilomita 20 a awa, turin baibai ne ke mulki, kuma yana ƙara bayyana yadda gudu ke ƙaruwa.

Me ya sa ƙaramin bai taɓa ƙin ka ba? Saboda ba shi da nauyi. Duk lokacin da ka jefa kafaɗarka cikin kwana, hannunka na ciki yana ɗan tura kan babur ba da saninka ba, kuma wannan ɗan turin ya wadatar wa abin da bai fi kilo 120 ba da yawa. Yanzu kana kan abin da ya haura kilo 200, turin da kake yi ba da saninka ba ba ya isarsa. Na gangan yake so.

Akwai wanda ya gwada wannan a aikace. Keith Code, wanda ya kafa makarantar koyar da tuƙin babur ta California Superbike School a Amurka a 1980, ya sa an ƙera wa wani babur kai na biyu da aka kafe a jikin firam, mai totur amma ba ya juya taya. Mahayi ya riƙe wannan kafaffen kai, ya yi ta jefa jikinsa dama da hagu, babur ɗin sai ɗan karkata kaɗan yake yi, bai isa shan kwanar kirki ba. Tun kafin nan ma, Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka tashi jirgin sama a 1903, waɗanda sana'arsu a lokacin kekuna ce, ya lura cewa masu keke suna fara karkatar da kai baibai kafin su juya, kuma da ya tambaye su, ba su san suna yi ba.

Abin da ya sa na dage a kan wannan magana ba daɗin tuƙi ba ne kawai. A 1981 aka fitar da rahoton Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles. Cikin abin da ya gano: mahayi yakan samu ƙasa da daƙiƙa biyu ne kacal don kauce wa karo, kuma iya turin baibai da saurin kaucewa kusan babu shi sam a wurin waɗanda haɗarin ya rutsa da su. Wanda yake yin abu ba da saninsa ba, ranar firgici hannunsa sandarewa yake yi, ko ma ya murɗa kai kamar sitiyarin mota, babur ya tafi daidai wurin da yake ƙoƙarin kauce wa. Abin da ke kai ka layin masu tahowa ke nan.

Ka nemi fili mai kwalta mai kyau, babu motoci, babu yashi, ka sa hular kwano da safar hannu. Ka miƙe a giya ta biyu, gudun kilomita 25 zuwa 30. Ka matse tanki da gwiwoyinka, ka saki kafaɗu da gwiwar hannu. Sai ka tura hannun dama gaba a hankali da tafinka. Gaba na ce, ba ƙasa ba. Danna kan babur ƙasa ba ya juya komai. Za ka ji ya kwanto dama nan take. Tura na hagu ya miƙe. Ka yi ta maimaitawa har ya zama ba sai ka yi tunani ba. Daga nan ka haɗa da sauran: rage gudu tun kafin kwana, ɗaga kai ka kalli mafitarta, tura, sannan ka riƙa ƙara totur a hankali har ka fita. Ido yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, don inda ka zuba wa ido nan hannu zai kai ka, ko rami ne ko gaban mota.

Sai dai wannan dabara ba ta goge lissafi. Kwanar da ke da tazarar mita 30 daga tsakiyar da'irarta, a gudun kilomita 40 karkatar digiri 23 take buƙata, wadda kowane babur mai lafiya zai yi. Idan ka ninka gudun zuwa 80, ƙarfin da taya za ta riƙe ya ninka sau huɗu, karkatar ta kai wajen digiri 59. Wannan kwanciyar 'yan babbar gasar tseren babura ta duniya, MotoGP, ce, a kan tayoyin tsere da kwaltar da aka share. A titi ba za ka samu ba. Idan akwai makarantar koyar da babur mai malami da fili kusa da kai, can zan fara kai kuɗina. In bayan wata guda kana wannan atisaye har yanzu nauyinsa na ba ka tsoro, to ka koma matsakaici, babu abin kunya a ciki.

Tambaya: Wani abokina ya ce in sayi damfa, na'urar nan da ake ɗaurawa a wuyan babur don hana kai rawa, wai za ta sa kwana ta yi mini sauƙi. Gaskiya ne?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Aikin damfa shi ne ta tare motsin kai mai sauri, irin wanda ke faruwa idan tayar gaba ta yi sauƙi wajen fizga ko ta daki gargada a guje, kai ya kama kaɗawa da ƙarfi. Ba ta kwantar da babur. In an ɗaure ta da yawa ma nauyi za ta ƙara wa hannunka, musamman a tafiyar sannu. Kuma idan kan babur ɗinka na rawa a gudu na yau da kullum, kada ka rufe ciwon da damfa. A duba iskar taya, boris ɗin wuya, da kayan da ka lafta a baya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni na iya turin da ake magana, kuma da can babur ɗina yana bin hannuna kamar ruwa. Yanzu sai na tura da ƙarfi, yana turjewa, sannan kwatsam ya faɗa cikin kwana har gabana ya faɗi. Tayoyin da sauran zane a gefe. Mai sayar da taya ya ce in sa mai faɗi a baya don ta fi riƙe ƙasa. Me ka gani?

Amsa: Yadda ka siffanta shi, kusan na ga tayar taka ta baya ko ban zo ba. Tsuguna ka dube ta daga baya. Tayar babur zagaye ake yin ta, kamar bayan ƙwarya, don babur ya mirgina a kanta ya kwanta a hankali. Wanda ya fi bin miƙaƙƙiyar hanya tsakiyar yake cinyewa, sai ta baje, ta yi kafaɗa a kowane gefe. Turjewar da kake ji ita ce hawa kan wannan kafaɗa, faɗawar kuma ita ce gangarowa daga kanta. Zanen gefe ba ya ceton tayar da ta rasa siffarta.

Kafin ka biya kuɗi, auna iska da geji, tayoyi na sanyi, ka kwatanta da abin da kamfani ya rubuta a littafin babur ko a takardar da ke manne a jikinsa. Tayar gaba mai ƙarancin iska ita kaɗai ta isa ta mai da kan babur kamar an ɗaure shi. Sannan a ɗaga gaban babur sama, ka juya kai a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya yi rami, sai an canza.

Maganar taya mai faɗi kuwa, ban goyi baya ba. An auna faɗin taya ne da faɗin rim ɗinta. Idan ka cusa mai faɗi a rim ɗin da bai kai ba, za ta matse, siffarta ta lalace, kuma gaba ɗaya taya mai faɗi ta fi wuyar kwantarwa. Ka sayi girman da kamfani ya ce, in da hali gaba da baya samfuri ɗaya, don an tsara su su yi aiki tare. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 1524 na nufin mako na 15 a 2024. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Idan ka sa sabbi, ka bi su a hankali kilomita 150 na farko, domin fuskarsu na da santsi, kuma hannunka ya saba da tura tsohuwa da ƙarfi. Sabuwar za ta kwanta da ƙarfin da bai kai wannan ba.

Tambaya: Malam, ni mace ce, ba ni da tsayi sosai, kuma yanzu zan fara koyo. Ina tsakanin sikuta, ƙaramin babur mai giya, da mai ƙafa uku. Wanne ne ba sai na koyi wannan turin ba?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Duk abin da ke tafiya a kan taya biyu yana karkata a kwana, da turin baibai yake juyawa: keke, sikuta, babur. Idan kin iya keke, hannunki ya riga ya sani, saura ki sanar da kanki. Mai ƙafa uku wanda ba ya karkata shi ne daban. Shi kai tsaye ake murɗa shi, dama zuwa dama, kuma yana da nasa haɗarin, don in aka shiga kwana da gudu tayar ciki na iya ɗagawa. Wanda ke sauyawa tsakanin su biyun ya kula ƙwarai, hannu yakan rikice.

Ni dai da za ki bi ta tawa, ki zaɓi mai ƙafa biyu mara nauyi, wanda ƙafafunki ke isa ƙasa sosai in kin zauna. Ki zauna a kai kafin ki saya, ki riƙe kan: ya kamata gwiwar hannunki ta kasance a lanƙwashe, ba a miƙe ba, kuma ki iya juya kai har ƙarshe ba tare da kin zame daga kujera ba. Miƙaƙƙen hannu ba ya iya turi mai laushi. Kai mai ɗan faɗi ya fi sauƙin turawa a kan gajere da aka sunkuyar ƙasa irin na baburan tsere. Sikuta na da ƙananan tayoyi, tana saurin amsa hannu, amma ta fi jin rami da gargada.

Idan kuɗinki ya kai, ki fifita mai birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin samfuran babur da suka haura cc 125 tun 2016. Sai dai ABS na gama-gari an yi shi ne don birki a miƙe. Mai lura da karkatar babur a kwana, irin wanda kamfanin Bosch ya fara fitarwa a kan babur ɗin KTM 1190 Adventure a 2013, an fi samun sa a manyan babura masu tsada. Don haka ki gama taka birki kafin ki tura hannu. Kuma ki jinkirta ɗaukar goyo har sai turin ya zauna miki. Ranar da za ki fara, ki gaya wa wadda kika goya ta manne da ke, ta riƙa leƙawa ta kafaɗarki ta ɓangaren da kuke juyawa, kada ta miƙe zaune tsakiyar kwana.