Kocina ya hana ni sauri, in rabu da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 34, ma'aikaci ne ni a Jos. Na daɗe ina gudun safe da hawan keke, sai bara sha'awar tirayatlon ta kama ni, wasan nan da ake fara ninƙaya, a hau keke, a ƙarasa da gudu. Na samu koci, amma tun da muka fara ya tsare ni a kwamin ninƙaya, gudun ma ya ce in sassauta. Ni kuwa so nake in shiga gasa in ci. Abokaina sun ce in sallame shi in ɗauko jadawalin atisaye a intanet. Me ka gani? Daga mai karatu a Anguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sallame shi. Abin da ka lissafa a matsayin laifinsa, shi ya nuna mini mutumin ya san aikinsa.

Gajeren zangon da sabon shiga ke farawa da shi, ninƙayar mita 750 ce, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Zangon Olamfik, wanda aka yi lokacin da tirayatlon ya fara shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, ya ninka wannan: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Shi kuwa Ironman mai kilomita 3.8 a ruwa, 180 a keke da gudun 42.2, ajiye shi tukuna.

Ruwan nan shi ne matsalarka. Idan ka gaji a keke ko a gudu, sai ka tsaya a bakin hanya ka huta, amma a tsakiyar tafki babu wurin tsayawa. Wanda ya koyi ninƙaya da girmansa yakan ɗaga kai don ya shaƙi iska, yana ɗagawa ƙafafunsa su nutse, sai ya koma kokawa da ruwa, kafin mita 50 numfashi ya ƙare. Ƙarfin ƙafar da ka tara a gudu ba ya maganin wannan. Sai ka koyi fitar da iska a cikin ruwa, ka juya kai gefe ka shaƙa, jikinka ya kwanta a miƙe. Kuma kai ba ka ganin kanka, dole sai wani ya tsaya a bakin kwami yana gyara maka. Jadawalin intanet ba shi da ido.

Ina roƙonka da girman Allah, kada ɗokin gwada buɗaɗɗen ruwa ya kai ka kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukuru. Suna da zurfi, bakinsu a tsaye yake, ruwan da sanyi, kuma sun ci rayuka. Ga kuma tsargiya da ake ɗauka a kwantaccen ruwa. Ranar da lokacin ya yi, ka je tare da kocinka da mai ceto.

Batun sassauta gudu ma yana da dalili. Zuciya da huhu suna sabawa da atisaye cikin makonni, amma jijiyoyi da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Mutum zai ji ƙarfi a ƙirjinsa ya ƙara wuta, gwiwa ko agara ta ba shi amsa. Shi ya sa yawancin atisayen masu dogon zango, kusan kashi 80 cikin 100, a saurin da za ka iya hira ake yin sa. Kai ma ka yi dace da gari: Jos ta haura mita 1,200 daga saman teku, ga hawa da gangara, kuma ba banza ba Filato ta yi suna da masu dogon gudu, musamman wajen Pankshin. Abin da Jos ba za ta koya maka ba shi ne zafi. In gasa ta kai ka Abuja ko Legas, sai ka yi masa shiri na musamman, ka koyi shan ruwa kana kan keke.

A ganina, ka ba kanka shekara uku. Ta farko, ka gama gajeren zango lafiya. Ta biyu, ka hau zangon Olamfik, ka saba da sauka daga keke ka zarce da gudu, lokacin da ƙafafu ke nauyi kamar ba naka ba. A nan za ka koyi sauyi tsakanin wasannin, domin agogo ba ya tsayawa, kuma doka ce ka ɗaure hular kwano kafin ka ɗauki kekenka. A ta uku ne za a yi maganar matsayi. Masu sha'awa ana kasa su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, don haka da 'yan 35 zuwa 39 za ka kara. Kocin da ya yi wannan tafiyar da kai shi zai san yadda jikinka yake a sanyin hunturu, da yadda zai rage maka nauyi a watan azumi ya mayar da atisayen bayan shan ruwa.

Wannan bai hana ka tambayarsa ba, hakkinka ne. Ka zauna da shi ka ce ya nuna maka tsarin watanni shida masu zuwa a rubuce, da makon hutu a ciki, kuma ya riƙa auna lokacinka a ninƙayar mita 400 duk wata don ku ga ko ana gaba. Idan ya kasa, ko ka ce masa kana jin ciwo ya ce ka daure ka ci gaba, to a nan kam nemi wani kocin.